Likita Na Amsawa: Ƙarancin Jini, Sinadarin Ƙarfe da Ƙwaƙwalwar Jariri

Wasiƙun da suka taru a wannan karon daga unguwannin Legas sun karkata kan ƙarancin jini ga mai ciki da jariri. Mun zaɓi shida, masana lafiyar yara da na mata masu juna biyu suka amsa.

Cikina wata biyar. A wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa, PCV ɗina 29, aka ba ni jajayen ƙwayoyi. Wata ma'aikaciya ta ce in ban sha ba abin zai taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikina. Gaskiya ne, ko tsorata ni take yi? Ni dai ban da ɗan jiri ba na jin komai. — Wata mai juna biyu, Agege

'Yar'uwa, gaskiya ta faɗa miki. PCV 29 ya yi daidai da himoglobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) kusan 9.7, alhali ana son na mai ciki ya kai 11, wato PCV 33. Abin da ya fi jawo wannan a wurinmu shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti za ki ji ana ce masa ayon. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila su ma suna da nasu kason.

Mutane sun san ayon da aikin haɗa jini, amma ba a nan aikinsa ya tsaya ba. Ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa tana cinye kusan kashi 60 cikin ɗari na makamashin jikinsa, kuma ƙwayoyin halittarta ba sa iya sarrafa abinci ya zama makamashi sai da ayon. Sannan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da wata riga ta kitse da ake kira mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Ita ke sa saƙo ya yi sauri, kuma ƙwayoyin da ke ɗinka wannan riga suna cikin waɗanda suka fi kowa cin ayon a ƙwaƙwalwa. Haka nan dofamin, sinadarin da ke da hannu a natsuwa, motsi da sha'awar koyo, ba ya haɗuwa sai da shi.

Wurin da Farfesa Michael Georgieff, likitan jarirai a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ya fi mai da hankali shi ne hifokamfos, ɓangaren da ke ajiye abin da mutum ya gani ko ya ji don ya gane shi gobe. Wannan ɓangare yana girma da sauri tun daga watannin ƙarshe na ciki. Shi da abokan aikinsa sun ɗora wa jarirai sabbin haihuwa na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, suka kunna musu muryar mahaifiyarsu, sannan muryar wata baƙuwa. Jariri mai wadataccen ayon, ƙwaƙwalwarsa tana bambance muryoyin biyu, domin ya saba da ta uwarsa tun yana ciki. Waɗanda aka haifa da ajiyar ayon kaɗan, wannan bambancewar ta yi rauni a wurinsu. Kwana kaɗan da haihuwa ke nan, ba a kai ga maganar makaranta ko tarbiyya ba.

Abin da muke so ki riƙe da kyau shi ne yadda jiki ke rabon ayon idan ya yi kaɗan. Jajayen ƙwayoyin jini ake fara ba wa. Hanta, zuciya da ƙwaƙwalwa sai su jira abin da ya rage. Ma'ana, kafin gwaji ya nuna jinin jariri ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwarsa ta daɗe tana cikin rashi. Shi ya sa "ba na jin komai" ba hujja ba ce.

Lokacinki kuwa bai ƙure ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ayon da jariri ke zuwa da shi duniya a watanni ukun ƙarshe yake ɗibarsa daga jikin uwa, kuma da wannan guzurin zai rayu har wata huɗu zuwa shida. Ciki ɗaya yana buƙatar kusan miligiram 1,000 daga farkonsa zuwa haihuwa, abin da abinci kaɗai da wuya ya cike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na zallar ayon da maikrogiram 400 na folik asid kullum. Wadda jininta ya riga ya faɗi, irin naki, ana iya kai ta miligiram 120 a rana har jinin ya dawo. Ƙwayar feros salfet da aka rubuta miligiram 200 a kwalinta tana ɗauke da kusan miligiram 65 na zallar ayon, don haka ki tambayi wanda ya rubuta miki guda nawa za ki sha. Ki koma a sake auna jinin bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan bai motsa ba, a binciki dalili. Ki kuma tabbata ana ba ki maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, ki riƙa kwana cikin gidan sauro.

In kika fara haki daga ɗan tafiya, zuciya na dukan uku-uku, ko tafin hannu da cikin ido suka yi fari fat, kada ki jira ranar awo.

Ƙwayar ƙarin jini tana tayar mini da zuciya, bayan gida ya yi baƙi kuma ya yi tauri. Maƙwabciyata ta ce in bari, wai tana sa jariri ya yi ƙato a sha wuyar haihuwa, gara in riƙa haɗa malt da madarar gwangwani da ruwan ugu. — Maman yara uku, Obalende

Baƙin bayan gida ayon ɗin da hanji bai tsotsa ba ne yake fita, ba illa ba ce. Tashin zuciya da taurin bayan gida kuwa gaskiya ne suna faruwa, kuma su suka fi sa mata ajiye maganin. Ki mai da shan ƙwayar zuwa dare, bayan kin ɗan taɓa abinci, ki kora da ruwa ko ruwan lemun zaƙi. Ki ƙara shan ruwa, ki yawaita gwanda da ganye. Idan duk da haka kin kasa, ki gaya wa likita. Zai iya canza miki nau'i, ko ya sa ki sha yau ki tsallake gobe, wanda ya fi a daina gaba ɗaya nesa ba kusa ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne haɗiye ƙwayar da shayi. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke ɗaure ayon a hanji, yana iya rage abin da jiki zai tsotsa da fiye da rabi. Madara, ƙwayar kalsiyam da farin maganin ƙwannafi su ma suna tare masa hanya. Ki ba da tazarar awa biyu tsakaninsu.

Maganar ƙaton jariri ba ta da tushe. Abin da ƙarancin jini ke jawowa shi ne haihuwar bakwaini, jariri marar nauyi, da uwar da zubar jini kaɗan wajen haihuwa ke iya kayar da ita. Malt da madara kuwa sukari ne da kitse, ayon ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ugu ganye ne mai kyau, a ci shi a miya, amma ba zai maye gurbin magani ba.

Ga wadda ta kasa jure ƙwaya, ko aka gano matsalar ciki ya riga ya tsufa, akwai ayon na ƙarin ruwa da ake sakawa ta jijiya a zama ɗaya. A nan gida aka gwada shi. Farfesa Bosede Afolabi ta Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ta jagoranci bincike kan mata masu ciki 1,056 a asibitocin Legas da Kano, aka fitar da sakamakon a 2024. Wajen ɗaga jini zuwa mako na 36, ƙwaya da ƙarin ruwa ba su yi wa juna nisa ba. Wajen cike ajiyar ayon a jiki kuwa, na jijiya ya fi. Tunda daga wannan ajiya jariri ke ɗiba, abin dubawa ne. Sai dai yana da tsada, kuma a asibiti kawai ake yin sa.

Iyalina ta kusa sauka. Na ji wani likita a rediyo yana cewa kada a yi gaggawar yanke cibiya. Me ya haɗa cibiya da jini? — Wani magidanci, Mile 12

Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Lokacin da jariri ya faɗo, wani kaso mai yawa na jininsa yana cikin mabiyiya. Idan aka bar cibiya ba a ɗaure ba na minti ɗaya zuwa uku, kusan mililita 80 zuwa 100 na wannan jini yana gangarowa jikinsa da ayon ɗin da ke ciki. A wani gwaji da aka yi wa jarirai 400 a ƙasar Suwidin, aka buga a 2011, an ɗaure wa rabi cibiya cikin daƙiƙa goma, rabi kuma bayan minti uku. Da suka kai wata huɗu, kashi 5.7 cikin ɗari na rukunin farko sun shiga ƙarancin ayon, a rukuni na biyu kuwa kashi 0.6 ne kawai. Da aka sake duba su suna shekara huɗu, waɗanda aka jinkirta wa sun ɗan fi a aikin yatsu irin su riƙe fensir, musamman maza.

Ba ya cin ko kwabo. Ku yi maganar da ungozoma tun a wurin awo, ba a ɗakin haihuwa ba. A ɗora jariri a kan cikin uwa, a goge shi, a lulluɓe, a jira. Allurar hana zubar jini da ake yi wa uwa ba ta jiran wannan, ana yin ta a kan lokacinta. Inda ba a jira shi ne idan jariri bai yi numfashi ba, ana buƙatar a ɗauke shi a taimake shi. Bayan an koma gida a riƙa duba idonsa da fatarsa a hasken rana a makon farko saboda shawara.

Jikana wata tara, yana shan nono, muna ba shi koko da safe da yamma, wani lokaci shayi da burodi. Tubarkalla ya yi ɓul-ɓul. Uwarsa ta kai shi allura aka ce jininsa ya yi ƙasa. Yaya yaro mai ƙiba haka zai rasa jini? — Wata kaka, Idi-Araba

Hajiya, ƙiba daban, jini daban. Hasali ma yaron da ke saurin girma ya fi saurin cinye guzurin da ya zo da shi, domin jikin da ya ƙaru sai an cika shi da sabon jini. Ba jikanki kaɗai ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini.

Nono babu kamarsa, a ci gaba da ba shi har shekara biyu. Amma lita guda ta nono ba ta wuce kusan miligiram 0.3 na ayon ba, alhali yaro ɗan wata bakwai zuwa shekara ɗaya ana so ya samu wajen miligiram 11 a abincinsa kullum. Wannan ya fi abin da ake nema wa babban namiji. Daga wata shida, kusan duk ayon ɗin yaro daga kwano zai fito. Tsararren koko mai ruwa-ruwa kuwa cika ciki kawai yake yi.

Ayon iri biyu ne. Na nama, hanta, saifa, ƙoda da kifi yana shiga jiki cikin sauƙi. Na wake, waken soya, gero, zogale da alayyafo yana da wuyar tsotsuwa, sai an taimaka masa. Ki dafa hantar kaza ko ta rago ta nuna sosai, ki daka ta yi laushi, ki zuba cokali biyu na cin abinci a kununsa ko a faten dankali. Hantar kaza mai wannan yawan tana ba da kusan miligiram 3. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, saboda hanta tana da bitamin A mai yawa. Sauran ranaku a yi da niƙaƙƙen nama, kifin da aka cire wa ƙaya tsaf, garin busasshen kifi ko ƙwai. Ƙwai guda bai cika miligiram ɗaya ba, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai. Alale da faten wake da aka cire wa ɓawo suna da kyau, kuma ɗan nama kaɗan a ciki yana ƙara wa ayon ɗin waken shiga jiki.

Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali ba ya zuba. Jiƙa gero da barin kamu ya yi tsami, yadda iyayenmu ke yi, yana rage sinadarin da ke ɗaure ayon a cikin hatsi, don haka kada a bar wannan al'ada. A bi abincin da ɗan lemun zaƙi, gwaba, mangwaro ko gwanda, domin bitamin C yana buɗe wa ayon hanya.

Shayi kuwa, don Allah a ɗauke masa shi gaba ɗaya. Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, kada ta zama abin shansa kafin ya cika shekara. Ba ta da ayon, tana toshe masa ciki, kuma tana iya sa hanjin jariri ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani. Bayan shekara ɗaya ma kada ta wuce rabin lita a rana.

Tunda an riga an ce jininsa ya faɗi, abinci kaɗai ba zai ɗaga shi da wuri ba. A koma asibiti a rubuta masa magani daidai nauyinsa.

Tunda abin yana da muhimmanci haka, me zai hana in sayo maganin ƙarin jini a kemis in riƙa ba yarana duka? — Wani ɗan kasuwa, Alaba Rago

Alhaji, niyyar mai kyau ce, amma kada ka yi. Jiki ba shi da hanyar fitar da ayon idan ya yi yawa, kuma ƙwayoyin cuta ma suna cin moriyarsa. A tsibirin Pemba na Zanzibar, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an raba wa dubban yara ayon da folik asid ba tare da tantancewa ba. Sai da aka dakatar da rabon, domin kwanciya asibiti ko mutuwa ta ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari a cikin masu sha. An buga wannan a 2006. Daga nan aka kafa ƙa'ida: a ƙasa irin tamu, ba a ba yaro ayon sai tare da gidan sauro da hanyar gwaji da maganin zazzaɓi da zarar jikinsa ya yi zafi.

A Chile, Farfesa Betsy Lozoff ta Jami'ar Michigan ta bi sawun yaran da aka ba madarar jarirai mai ayon da yawa. Waɗanda tun farko jininsu ya cika, da suka kai shekara goma makinsu a gwajin basira ya yi ƙasa da na takwarorinsu da aka ba madara mai ayon kaɗan. A Bangaladash kuma, a wani gwaji da aka buga a 2021, an ba wasu daga cikin jarirai 3,300 'yan wata takwas ayon na wata uku. Jini ya ƙaru, amma gwajin basira bai nuna wani bambanci ba. Mu abin da muka fahimta daga nan shi ne ayon ba maganin ƙara ƙwaƙwalwa ba ne. Mai rashi yake yi wa amfani, kuma amfanin ya fi girma idan an tare rashin tun daga ciki.

Sannan ga sikila. Yaro mai amosanin jini kullum jininsa a ƙasa yake, ba don rashin ayon ba, kuma idan ana yi masa ƙarin jini ayon taruwa yake a jikinsa. A yi wa kowane yaro gwajin sikila kafin a fara.

Hanyar da ta dace ita ce a auna himoglobin, in da hali a haɗa da feritin, wanda ke nuna ajiyar ayon. Ƙasa da 12 ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar rashi ne. Kada a auna feritin yaro yana zazzaɓi, domin ciwo yana ɗaga shi ya ɓoye gaskiya. Idan an tabbatar, ana fara magani da miligiram 3 na zallar ayon ga kowane kilo na nauyin yaro a rana. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 30 ke nan. A auna da sirinji, ba da cokalin shayi ba, a ɗiga ta can gefen baki don kada haƙora su yi baƙi. Bayan mako huɗu himoglobin ya kamata ya ƙaru da aƙalla ɗaya. Ko jinin ya dawo, a ci gaba wata biyu zuwa uku don a cika rumbu, kuma a nan ne yawancin iyaye ke tsayawa. Daga shekara ɗaya a riƙa ba da maganin tsutsar ciki. Bakwaini da tagwaye marasa nauyi su nasu daban ne: ba su samu guzurin watannin ƙarshe ba, don haka likita kan fara musu ɗigon ayon tun suna 'yan makonni. Haka jaririn uwa mai ciwon suga ko hawan jini yana buƙatar sa ido.

Ƙwayoyin matarka na awo, jajayen nan masu kama da alewa, a kulle su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ɗan shekara biyu da ya haɗiye tafin hannu guda yana iya rasa ransa. In ya faru a garzaya asibiti da kwalin, ko da yaron yana wasansa.

Ɗana shekararsa uku. Yana jariri an taɓa cewa ba shi da jini, muka sha magani mako biyu muka bari. Yanzu yana cin ƙasa da ɓawon fentin bango, ga saurin fushi, kuma maganarsa ba ta kai ta sa'o'insa ba. Shin mun makara? — Wata uwa, Agege

Ba ku makara ba, 'yar'uwa, amma kada a ƙara ɓata lokaci. Cin ƙasa alama ce da aka daɗe da sani ta ƙarancin ayon. Tana da haɗari na biyu: hanjin da ke yunwar ayon yana tsotse dalma fiye da kima, domin ƙofa ɗaya suke bi. Tsohon fenti, ƙurar wurin fasa batir da kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai duk suna iya ɗauke da ita, kuma ita ma ƙwaƙwalwa take ci. Ba mu manta yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. A auna jininsa da feritin, a roƙi gwajin dalma, a duba jinsa saboda jinkirin magana, a kuma kammala maganin wannan karon.

Ba za mu ɓoye miki abin da bincike ya nuna ba. Farfesa Lozoff ta ɗauki jarirai 191 a Kosta Rika a farkon shekarun 1980, ta bi su har suka kai shekara 19. Waɗanda suka daɗe cikin rashin ayon suna jarirai, ko da an gyara jininsu, sun ci gaba da bin bayan sauran, kuma sun fi maimaita aji. Amma ki dubi yadda tazarar makinsu a gwajin basira ta kasance. A gidaje masu matsakaicin hali ta tsaya a maki takwas zuwa tara. A gidajen da talauci ya danne, ta tashi daga maki 10 ta kai 25. Abin da ya biyo bayan rashin, wato abinci, kulawa da makaranta, shi ya faɗaɗa ramin ko ya hana shi faɗaɗa. Waɗannan kuma matsakaicin lissafi ne na rukuni, ba hukunci a kan ɗanki ba.

Yaro mai ƙarancin ayon yakan zama mai noƙewa, mai maƙale wa uwa, marar son wasa, sai manya su ma su rage yi masa magana, rashi ya hau kan rashi. A Chile an gwada tura ma'aikata gida-gida duk mako suna koya wa iyaye wasa da hira da irin waɗannan jarirai, aka ga makinsu ya ɗaga fiye da na waɗanda aka ba magani kawai. Ki riƙa yi masa magana kina aiki, ki ambaci sunan duk abin da ya nuna, ki jira ya amsa ko da da kalma ɗaya ce. Tatsuniya da dare, waƙoƙin tashe da na gaɗa, jera murafen kwalba, zane da gawayi a ƙasa, duk aiki suke yi. A rage ba shi waya. Idan bayan wata uku da fara magani bai fara haɗa kalmomi uku a jimla ba, ki nemi a tura ku asibitin yara ko na koyarwa, wurin masu duba girma da maganar yara.